IDAN 'YARKI TANA KARATU A ƘASAR SANYI: ABIN DA BA TA FAƊA MIKI A WAYA

  

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, kowace uwa ta san aikin da ke gabanta: a fito da barguna da rigunan sanyi, a tanadi man kaɗanya saboda kaushi da faso, a hana yara wanka da sassafe sai an ɗumama ruwa. To amma akwai iyayen da 'ya'yansu ba sa gabansu balle su lulluɓe su, suna can wata uwa duniya suna karatu a ƙasashen da sanyinsu ya ninka namu. A ajin matan aure na Islamiyyar da nake koyarwa akwai irin waɗannan iyaye da dama, haka kuma cikin 'yan matan da suka sauke a hannunmu akwai waɗanda yanzu suke can. Daga hirar da nake yi da ɓangarorin biyu na lura da abu guda: uwa takan tambayi karatu da abinci, 'ya ta amsa da lafiya lau, alhali abin da ya fi damunta a Disamba da Janairu ba a cikin aji yake ba.

Zan yi misali da birnin Abadin da ke yankin Sikotilan a arewacin Birtaniya, domin gari ne da 'yan Najeriya suka daɗe suna zuwa karatu, musamman a fannin man fetur da injiniyanci, kuma a can ƙanwata ta yi digirinta na biyu. Jami'o'i biyu ne a garin: Jami'ar Abadin wadda aka kafa tun 1495, da Jami'ar Robert Gordon. Sai dai mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi ɗalibar da ke kowane gari na ƙasar.

RANAR DA BA TA CIKA AWA BAKWAI BA

Uwargida, idan aka ce miki sanyin Turai, abin da ke zuwa ranki shi ne dusar ƙanƙara. Ɗaliban kuwa ba ita suke fara ambata ba, duhu suke fara ambata. A Kano, ko a tsakiyar hunturu, rana takan fito kafin ƙarfe bakwai na safe, ta faɗi wajen shida na yamma. A Abadin kuwa, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kuma kafin uku da rabi na yamma ta faɗi. Wato yinin gaba ɗaya bai cika awa bakwai ba. Ko a cikin waɗannan awoyin ma ranar ba ta hawa sama, tana can ƙasa-ƙasa kamar tamu ta hantsi, sau da yawa kuma gajimare ya rufe ta. Dalili shi ne garin ya yi nisa ƙwarai da tsakiyar duniya inda muke kusa da shi. Shi ya sa idan watan Yuni ya zo sai lamarin ya juya, rana ta kai ƙarfe goman dare ba ta faɗi ba.

Saboda haka ɗalibar da ke da lakca ƙarfe tara cikin duhu za ta fita, idan ta tashi ƙarfe huɗu cikin duhu za ta koma. Ga iska mai yanka fuska daga teku, domin garin a bakin teku yake, ga yayyafin da ba ya ɗaukewa. A wurinmu idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa 12 ko 13 da asuba sai mu ce yau sanyi ya yi. A can, a watan Janairu, da kyar yake haura 6 da tsakar rana, da dare kuma yakan kai inda ruwa ke daskarewa.

Akwai kuma batun agogo. A Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba suna mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Maris su dawo da shi. Don haka a lokacin sanyi muna gabansu da awa guda. Idan kin kira ta bayan kin idar da Asuba, ita tana tsakiyar barci, alfijirinta da saura.

SALLA UKU CIKIN AWA UKU DA RABI

Gajartar yini ta fi bayyana a kan salla. A makonnin ƙarshen Disamba, Azahar kan shiga jim kaɗan bayan sha biyu, La'asar wajen ɗaya da kwata, Magariba wajen uku da rabi. Lakca ɗaya mai awa biyu tana iya cinye lokacin Azahar gaba ɗaya. Yarinyar da ta tashi a gidan da ladan ke tuna mata salla, yanzu babu kiran salla a unguwa, sai jadawalin masallaci da wayarta.

Wasu ɗaliban sukan ɗauka cewa tunda suna ƙasar waje matafiya ne, sai su riƙa kasaru da haɗa salloli shekara guda. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, balle mai zaman shekara. Abin da ya fi mata shi ne ta san inda ɗakin salla yake a makarantar tun makon farko, ta fito da alwalarta daga gida, ta sa 'yar ƙaramar darduma a jaka. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar yadda ta saba, a can kudu maso gabas take.

Babin shafa a kan huffi da muke karantawa da ɗalibai, har wasu na ganin bai shafe su ba, a irin wannan wuri yake nuna amfaninsa. Malikiyya sun sharɗanta ya zama na fata, ya rufe idon sawu, a kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala. Hanbaliyya sun yarda da safa mai kauri, da iyakar yini da kwana ga mazaunin gari, kwana uku ga matafiyi. Huffi biyu a cikin akwati ba su da nauyi, amma za su raba ta da cire takalmi da safa a banɗakin makaranta cikin sanyi.

Gajeren yinin yana da nasa alherin. Wadda ake bi bashin azumi, babu lokacin ramuwa kamar Disamba, domin daga alfijir zuwa faɗuwar rana kimanin awa tara ne kawai. Shi ma Ramadan ɗin yanzu cikin sanyinsu yake shiga. A 2026 ya kama a watan Fabrairu, kuma tunda duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, a 2030 ana sa ran ganinsa sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba.

ƊAKI, TUFAFI DA TUKUNYA

Ɗumi a can saye ake yi. Wadda ke ɗakin kwanan ɗalibai galibi kuɗin wuta da gas na cikin kuɗin ɗaki, amma wadda ta kama haya a gari ita ke biya, wasu ma da mita irin tamu ta sayen kati. Tun da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023, har fam ɗaya ya haura Naira 2,000 a 2024, ɗalibai da yawa sun koyi kashe hita su duƙunƙune cikin bargo don kuɗi ya kai wata. Ɗakin da ba a ɗumamawa kuma ake shanya wanki a cikinsa yakan yi raɓa, bango ya yi baƙin funfuna, daga nan sai tari da ciwon ƙirji.

Abu ɗaya da ya kamata a ja mata kunne a kai shi ne garwashi. Mu mun saba da kasko da turaren wuta, amma ɗakunansu a toshe suke ruf don kada iska ta shiga, kuma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Bugu da ƙari, kowane gida yana da na'urar jin hayaƙi, tun 2022 ma doka ta wajabta ta a duk gidajen Sikotilan. Turaren wuta kaɗan ya isa ya tayar da ƙararrawa, a fito da mutanen bene guda waje cikin tsakar dare. Toshe na'urar kuma laifi ne mai jawo tara. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

Wajen sutura, ba riga ɗaya mai kauri ake nema ba, hawa-hawa ake sakawa: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya mai ɗumi, sai babbar riga ta waje mai hana ruwa da iska. Abaya mai jan ƙasa takan kwashi ruwan ƙanƙara ta jiƙe har gwiwa, gara wadda ta tsaya a idon sawu da dogon wando mai kauri a ciki. Takalmi ya zama mai rufi, mai ƙasan roba mai kama ƙasa, domin akwai siririyar ƙanƙara da ke shimfiɗa a kan hanya da safe, ido ba ya ganinta sai mutum ya ji shi a ƙasa. Mai baƙin hijabi da baƙar riga cikin duhun ƙarfe huɗu kuwa, direba ba ya hango ta da wuri, don haka ta sa wani abu mai haske ko da jaka ce.

Ta fannin tukunya, akwai mahauta na halal da shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya, inda ake samun garin shinkafa da semo na tuwo. Busassun kayan miya irin su kuka, kuɓewa, daddawa da yaji su ne ɗalibai suka saba tafiya da su. Amma uwargida, kilishi da dambun nama da man shanu ba su da izinin shiga. Dokar ƙasar ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da madara da duk abin da aka yi da su. Kada ƙaunarki ta jawo mata tsaiko a filin jirgi.

CIWON DA BA A GANI

Jikin ɗan Adam yana samun bitamin D ne daga hasken rana a kan fata. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da za ta ba da shi, shi ya sa hukumar lafiyarsu ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a waɗannan watanni. Masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa an ce su sha duk shekara. 'Yarki ta haɗa duka biyun. Ƙarancinsa yakan kawo ciwon ƙashi da gaɓoɓi da kasala.

Akwai kuma damuwar da likitoci suka tabbatar tana zuwa da ƙarancin haske. Alamominta su ne yawan barci ba tare da jin an huta ba, rashin sha'awar komai, kuka ba dalili, gudun mutane, da kasa riƙe karatu. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma sammu ba ne. Addu'a tana tafiya tare da neman magani. Ganin likita ba zai ci mata kuɗi ba, domin an riga an biya tare da kuɗin biza, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma a Sikotilan maganin da likita ya rubuta kyauta ake bayarwa. Abin da ake so shi ne ta yi rajista da asibitin unguwa tun tana lafiya. Lambar 111 ta neman shawarar lafiya ce, 999 ta gaggawa.

Kaɗaicin ya ƙaru tun daga Janairun 2024, lokacin da aka hana mafi yawan masu digiri na biyu zuwa da iyalinsu, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Yanzu akwai matan aure da suka bar miji da yara a gida suka tafi su kaɗai, akwai kuma magidanta da suka bar mu a nan. Kuma da wuya ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce yana cikin wani hali, saboda ya san filin da aka sayar ko adashin da aka kwashe kafin a tura shi.

HUTUN DISAMBA: ZAMA KO TAFIYA?

Daga tsakiyar Disamba makaranta takan tashi hutun makonni. 'Yan ƙasa su watse gidajensu, benen da ke cike da hayaniya ya koma tsit. Ranar 25 ga wata kusan duk shaguna a rufe suke, a Sikotilan kuma 1 da 2 ga Janairu ma ranakun hutu ne. A nan ne mu iyaye muke ba da shawarar da muke gani ita ce kariya: ki zauna a ɗakinki, ban yarda ki je ko'ina ba. Tsoro ne da ƙauna suka kawo maganar, amma a yi tunani. Yarinya ita kaɗai a bene, mako uku, dare awa goma sha bakwai, ba mai yi mata sallama, sai waya a hannu. Wannan zaman ya fi tafiyar da aka tsara haɗari ga lafiyarta da tarbiyyarta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kaɗaici babbar tsaga ce.

Ba cewa nake a sake ta ta bi duniya ba. Batun tafiyar mace ba muharrami magana ce da malamai suka tattauna. Mafi yawansu sun sharɗanta shi a doguwar tafiya, Malikiyya sun yarda da amintacciyar tawaga a aikin Hajjin farilla, wasu malaman zamani kuma sun faɗaɗa hakan zuwa tafiyar da aka amince da hanyarta da abokanta. Kowane gida ya zauna da malamin da ya yarda da shi ya yanke matsaya tun kafin yarinya ta hau jirgi, ba sai hutu ya zo a yi ta jayayya a waya ba. Idan an amince, a san wurin wa za ta, da wa za ta tafi, yaushe za ta dawo. Gidan ɗan'uwa ko aminan arziki a wani gari, ko ziyarar yini ɗaya da 'yan'uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, duk sun fi kulle. Idan kuma ba a amince ba, to a nema mata madadi: iyalin kirki a garin da za ta riƙa yini a wurinsu, da zuwa masallaci, kamar wanda ke unguwar Spital kusa da tsohuwar jami'ar. Aiki ma yana rage zaman shiru, domin bizar ɗalibi ta ba da damar awa 20 a mako lokacin karatu, da cikakken aiki a hutun da makaranta ta amince da shi.

IDAN ZA A KAMA HANYA

Daga Abadin zuwa Edinbara ko Gilasgo kimanin awa biyu da rabi ne a jirgin ƙasa. Zuwa Landan kuwa, tafiyar sama da kilomita 800, kusan awa bakwai ce, a motar safa ta dare kuma ta kai awa goma sha biyu. Tikitin da aka saya makonni kafin tafiya ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma akwai katin rangwame na matasa da ɗalibai mai rage kashi ɗaya cikin uku. Wadda ba ta kai shekara 22 ba kuma tana zaune a Sikotilan tana iya neman katin hawa bas kyauta. A sani cewa jiragen ƙasa ba sa aiki ranar 25 ga Disamba, washegari ma ƙalilan ne, kuma a makon ne ake yawan gyaran layin dogo.

Babban abin dubawa shi ne gargaɗin hukumar yanayi, wanda ke da launi uku: rawaya, ruwan goro, da ja. Ja yana nufin rai na cikin haɗari, kowa ya zauna inda yake. Ba wasa ba ne. A ƙarshen Fabrairun 2018 dusar ƙanƙara ta tsare ɗaruruwan motoci a babbar hanyar M80 kusa da Gilasgo, mutane suka kwana a ciki. A Nuwamban 2021 guguwar da aka sa wa suna Arwen ta bar ƙauyukan da ke kewaye da Abadin kwanaki ba wuta. Ranar 24 ga Janairun 2025 kuma wata guguwar ta sa kamfanin ScotRail ya dakatar da dukkan jiragensa. Idan aka yi irin wannan gargaɗi, asarar tikiti ta fi asarar rai sauƙi, kuma galibi akan mayar da kuɗin jirgin da aka soke. Ko makara jirgi ya yi na rabin awa ko fiye, tana da damar neman a mayar mata da wani kaso.

Ta yi ƙoƙari ta isa masauki da sauran haske, ta riƙe caja da batirin ko-ta-kwana saboda sanyi na saurin cinye cajin waya, ga ruwan zafi a fulas da ɗan abin taɓawa. Lambar mai masaukinta ta kasance a rubuce a takarda. A wannan tafiyar ce rangwamen matafiyi ya hau kanta: idan nisan ya kai kimanin kilomita 80 za ta yi kasaru, tana kuma iya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i. Idan ta tsara tafiyarta da jadawalin salla a hannu, ba za ta rasa yadda za ta yi ba.

Mai son zuwa gida kuwa ta sani Disamba ne lokacin da kuɗin jirgin sama ya fi tsada. Babu jirgi kai tsaye daga Abadin, sai an bi ta wani gari kamar Landan, daga can kimanin awa shida zuwa Abuja. Idan tikiti mai araha ya bi ta Amstadam ko Faris ko Jamus, a yi hattara: mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, bizarta ba ta ɗauke masa wannan. Haka nan bizar karatun ba ta ba ta izinin shiga Faransa ko Italiya yawon buɗe ido. Katin zaman da ake ba ɗalibai a dā ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin a intanet yake haɗe da lambar fasfo, saboda haka wadda ta sabunta fasfo sai ta shigar da sabuwar lambar kafin ta yi tafiya.

SAUYA TAMBAYA

Uwargida, ba za ki iya aika mata rana ko bargonki ba, amma tambayarki tana hannunki. Maimakon kin ci abinci, tambaye ta me ta dafa yau. Maimakon kina lafiya, tambaye ta ƙarfe nawa ta tashi, ta fita ta ga haske kuwa, da wa ta yi magana baki da baki a makon nan, hita na kunne ko ta kashe don tsimi, tana shan bitamin ɗinta, ina za ta yi hutu. Ki riƙa kiran bidiyo, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Ki riƙe lambar ƙawarta ɗaya da ta wani babba a garin. Idan ta yi kuka, kada abin da za ta fara ji ya zama lissafin kuɗin da aka kashe. Ki saurare ta tukuna, ki nuna mata cewa lafiyarta ta fi takardar da ta je nema, sannan ki tuna mata cewa daga 22 ga Disamba yini yake fara ƙaruwa, kaɗan-kaɗan, har zuwa watan Yuni.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.